Daga Dogo Zuwa Kufan Kakanni: Wanne Ya Kamata A Fara Gani?

Ran Talata, 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, tsohon masallacin unguwar Birni da ke cikin garin Damagaram ya rushe, bayan an yi kwana da kwanaki ana tafka ruwan sama. Da ƙasa aka gina shi tun wajen 1850, lokacin da masarautar Damagaram ke kan ganiyarta, ya kuma tsaya kusan shekara 170 ana salla a cikinsa. Waɗanda ke kusa sun ɗauki hoton faɗuwarsa da wayoyinsu, cikin ƴan kwanaki labarin ya kai ƙasashen waje. Daminar wannan shekara ta yi mummunar ɓarna a Nijar baki ɗaya: ɗaruruwan mutane sun rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya kuma ruwa ya taɓa gidajensu ko gonakinsu. Masallacin Birni yana cikin asarar da ba ta da mayewa, domin ko an sake tayar da gini a wurin, hannun maginan farko ya tafi ke nan.

Daga Dogo zuwa Damagaram, bisa hanyar da ta fito daga Magarya, tafiyar ba ta wuce awa guda a mota. Mutanen karkarar Dogo suna shiga garin kullum, wani ya je kasuwar Dole, wani asibiti, wani neman takarda a ofis. Da yawansu sun sha wucewa kusa da unguwar Birni, suna cewa wata rana za su ratse su ga tsohon masallacin. Waɗanda ba su ratse ba, yanzu sai dai a ba su labari.

Wannan ne ya sa tambayar da ke kan wannan shafi ba ta wasa ba ce. Manomin da ya gama girbi ya sami sararin kwana ɗaya ko biyu, da malamin lakwal mai son fita da yaransa, da ma'aikacin gwamnati da aka kawo Dogo daga wata jiha yana son sanin ƙasar da yake wa aiki, dukansu matsalarsu ɗaya: wuraren tarihi suna da yawa, kuɗin mota da lokaci kaɗan ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Dole a zaɓa, zaɓin kuma yana da ƙa'ida.

YADDA AKE ZAƁE A ƘASASHEN GABAR TEKU

Samarin Damagaram da suka je ci-rani Libiya ko Aljeriya sun san cewa a can ma akwai irin wannan zaɓi, sai dai a kan kufan Rumawa ne. Rumawa sun mallaki gabar arewacin Afirka shekaru ɗaruruwa, sun bar garuruwa na sassaƙaƙƙen dutse waɗanda har yau suna tsaye. Mafi shahara shi ne Libda, wanda Turawa ke kira Leptis Magna, a bakin teku, kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus. A nan aka haifi Septimus Seberus, wanda ya yi sarautar daular Rum duka daga shekara ta 193 zuwa ta 211, ya kuwa ƙawata garin haihuwarsa da manyan ginshiƙai da kasuwa da tashar jiragen ruwa. Yamma da Tarabulus akwai Sabrata, mai babban dandalin wasa da ke juya wa teku baya. A Aljeriya kuma akwai Timgad, wanda sarki Tarajan ya kafa a shekara ta 100 domin tsofaffin sojojinsa, titunansa a miƙe suna gitta juna kamar gurabun dara.

Baƙon da ke da kwana biyu a waɗannan ƙasashe yakan auna abubuwa kaɗan: wane kufai ya fi girma, wanne ya fi kyau, wanne ya fi kusa da masaukinsa. In ya zaɓi Libda ya bar Sabrata, bai yi asarar da ba ta gyaruwa ba, don in Allah ya ba shi rai ya komo bayan shekara ashirin zai tarar da ita inda ya bar ta. Libda ta yi shekaru ɗaruruwa binne cikin rairayi bayan mutanenta sun watse, sai a ƙarni na 20 Italiyawa suka yi babban aikin tone ta, aka ga rairayin nan ashe rufin asiri ya yi mata. Ba a ce dutse ba shi da abokin gaba ba. Yaƙi yana iya taɓa shi, shi ya sa hukumar UNESCO, wadda ta sa Libda cikin kayan tarihin duniya a 1982, ta bayyana a 2016 cewa kufan Libiya suna cikin haɗari. Amma ruwan damina guda ba ya narkar da shi.

Rumawa ba su bar gini ko ɗaya a ƙasar Nijar ba. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa wani kwamandansu mai suna Balbus ya kai yaƙi har Gadamas da Fezzan. Daga baya wani mutumin Libda, Yuliyus Maternus, ya bi sarkin Fezzan tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har wata ƙasa da suka kira Agisimba, inda karkanda ke taruwa. Masana sun daɗe suna gardama kan wurin, wasu su ce Abzin, wasu Tibasti, wasu bakin tafkin Cadi. Abin da ba gardama a kai shi ne hanyar. Wannan hanya ta Fezzan da Gadamas ita ce, bayan ƙarnoni masu yawa, ta riƙa kawo fataken Larabawa unguwar Zango ta Damagaram.

Akwai ma mutum guda da ya ga wuraren biyu da idonsa. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdul Karim, masanin tarihin Rumawa ne tun kafin ya shigo Sudan. A farkon 1850 ya zagaya kufan Libda, a watan Disamba na 1852 kuma ya sauka Damagaram, ya zauna har ƙarshen watan Janairu. Abin da ya gani a Libda, mai ziyara zai gan shi yau, har da ƙari, tunda an tone abin da ke ƙarƙashin rairayi. Abin da ya gani a Damagaram kuwa, yawancinsa ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. A nan ƙa'idar zaɓin mutumin Dogo ta rabu da ta baƙon Tarabulus: shi ba girman wuri zai fara dubawa ba, sai ya tambayi kansa wanne ne ba zai jira shi ba.

BIRNI

Bisa wannan ƙa'ida, ranar farko ta Birni ce, ba tare da wata shakka ba.

Asalin gidan sarautar Damagaram daga gabas yake. Wani malami Babarbare ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 18, a matsayin ƙaramar sarauta mai biyan gaisuwa ga Barno, kuma sarakunan farko sun zauna a ƙauyuka dabam-dabam gabas da garin na yanzu. Sarki Sulaiman ne ya dawo da gadon sarauta nan a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimun, wanda ya fara hawa na ɗan lokaci a 1841, sa'an nan ya sake hawa ya riƙe ƙasar daga 1851 har rasuwarsa a 1884, shi ne ya mayar da ita daula. Ya tara sojoji masu bindiga, maƙeransa suka ƙera igwa a cikin garin, ya kewaye Birni da garu mai ƙofofi bakwai wanda tsayinsa ya kai kusan mita goma a wasu wurare. Fadar da ke nan yau ita ma tun wajen tsakiyar ƙarnin take. Wanda ke son cikakken bayani sai ya nemi littafin da André Salifou, ɗan garin, ya wallafa a 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19. Jami'ar garin tana ɗauke da sunansa.

Mai ziyara ya kamata ya san inda dukiyar ginin ta fito. Ayarin raƙuma na tashi daga Zango zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina, da kuma bayi. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna garin a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na harin kama bayi a ƙauyuka. Garu mai wannan girma kuma ba hannun sarki ya cuɗa ƙasarsa ba, talakawa da bayi ne suka yi ta ɗauka a ka. Mutumin karkara da ya tsaya gaban guntun garun da ya saura yana iya kallonsa a matsayin aikin kakanninsa, ko da sunansu bai shiga kirarin fada ba.

Guntu ne kuwa ya saura. Daga wannan katafaren garu abin da ido zai gani yau ƴan tsirarun ɓaraguzai ne nan da can, wasu sun maƙale tsakanin gidaje, yara na hawa kansu. Sai an sami ɗan unguwa ya nuna su, in ba haka ba mutum zai wuce yana zaton tsibin ƙasa ne.

Ziyara takan fara daga ƙofar fada. Fada gidan sarki ne mai rai, ana shari'a da karɓar gaisuwa a cikinta, saboda haka ba a faɗa mata kai tsaye. Sai a yi sallama ga dogarai, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum, a jira izini, a kuma tambaya kafin a ɗauki hoto. In an shiga zaure, a ɗaga kai a dubi rufin. Maginan da ba su da ƙarfe ko siminti sun san yadda za su jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, su ɗaure ta hawa-hawa cikin ƙasa har ta zama baka mai ɗauke da soro. Kaurin bangon ne ke sa zauren ya yi sanyi da tsakar rana a watan bazara, abin da ɗakin kwano ba ya yi.

Daga fada sai a shiga lunguna a ƙafa. Birni an gina shi ne tsakanin manyan duwatsu mulmulallu, gidaje na jingine da su, hanyoyi na karkacewa suna kewaye su. A fuskar tsofaffin gidajen attajirai da masu sarauta akwai zane da aka yi cikin yaɓe tun yana ɗanye, wani an shafa masa launi, bisa kusurwoyin soro kuma ga zankwaye a tsaye kamar kunnen zomo. Irin wannan ado ne ya sa gwamnatin Nijar ta miƙa sunan Birni da fadarsa ga UNESCO a 2006, cikin jerin wuraren da ake fatan a karɓa. Wanda ya sami sarari da yamma sai ya ƙarasa Zango, inda fatake suke sauka a da, inda kuma babban attajirin nan Malam Yaro ya zauna a ƙarshen ƙarni na 19.

Yana da kyau mai ziyara ya san yadda ginin ƙasa ke mutuwa, domin ya gane abin da yake kallo. Tubali da aka mulmula da hannu aka shanya a rana yana da ƙarfi matuƙar yana bushe. Ruwa yana cinsa ta wuri biyu, ta ka da ta ƙafa. Ta ka, in indararo ya toshe ko rufin ya tsage, ruwa ya kwanta bisa soro ya riƙa tsatsafowa har azara ta ruɓe. Ta ƙafa kuma, in ruwan lungu ba shi da mafita, sai ya jiƙa gindin bango ya riƙa zaizaye shi, har nauyin sama ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa. Maganin da magabata suka sani shi ne yaɓe kafin kowace damina, da ƙasa mai haɗi da ciyawa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa wadda ke hana ruwa shiga. Aiki ne na shekara-shekara, mai son hannu da yawa. Yau masu gidajen da dama sun koma sababbin unguwanni, magada sun yi yawa, ba wanda ke ɗaukar nauyin gyara, maginan da suka iya aikin kuma suna ƙarewa. Wasu da kyakkyawar niyya sukan shafe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun huta. Siminti ba ya barin bango ya sha iska, laima na taruwa a bayansa ba a gani, wata rana sai ɓawon ya ɓalle da rabin bangon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya neman tsaga.

Akwai abin da ya fi ginin ƙasa saurin tafiya, shi ne tsoho. Dattawan da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa. Tarihin da ke rubuce ya nuna cewa an kashe Kyaftin Kazamaju a garin ran 5 ga watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, cewa Faransawa sun ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, cewa kuma garin ya zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Amma takarda ba ta faɗi gidan wane ne wannan ba, ko wace ƙofa mutanen kudu suke shigowa da hatsi, ko wane magini ya yi wancan zane. Wannan yana bakin mutanen unguwa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya riƙe alƙalami, ya tafi da ɗan littafi, ya gaida dattijo yadda ya kamata, ya rubuta abin da ya ji da boko ko da ajami, ya sa kwanan wata da sunan unguwa.

Barikin da Faransawa suka gina bisa duwatsu, wanda suka sa wa sunan Kazamaju, wurin soja ne, daga nesa ake kallonsa. Tirmini kuma, a kan hanyar Maraɗi, fagen daga ne, yawancin abin da ido zai gani gonaki ne da duwatsu. Wanda ya san labarin zai tsaya ya yi shiru, wanda bai sani ba zai ce an ɓata masa kuɗin mota. A bar shi sai bayan an ga Birni.

MIRYA DA KUFAN KANAWA

Rana ta biyu, ga mai ita, Mirya ta fi dacewa. Tana kimanin kilomita 18 gabas da Damagaram, ita ce kuma babban garin gundumar da Dogo ke ciki, don haka ma'aikata da masu neman takardu suna zuwa ta ko da ba ziyara. Mirya ta girmi sarautar Damagaram. Tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Waca da Dungas, waɗanda suke da sarakunansu tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su a ƙarni na 19. Garin yana da garake masu ruwa kusa, kasuwarsa na ci ran Lahadi, tukwanensa da tulunansa kuma sun yi suna a yankin duka.

Saboda tukwanen ne aka sa Mirya kafin wuri na gaba. Wanda ya zauna awa guda yana kallon mai ginin tukunya, ya ga irin yumɓun da ake ɗebowa, da abin da ake haɗa masa, da yadda ake mirgina igiya ko wani abu a jikin ɗanyar tukunya don a bar mata zane, ya sami ido na karanta tsingaro. Tsingaro kuwa shi ne babban abin da tsohon kufai ke barin wa na baya.

Kufan Kanawa yana cikin kwarin Makarauci, a ƙasar Damagaram. Sunansa ya faɗi labarinsa: mutanen yankin suna cewa a nan kakannin Kanawa suka zauna kafin su tashi zuwa kudu. Gari ne babba da aka kewaye da ganuwar duwatsu mai tsawon kilomita da yawa, an kuma bar shi tun kafin a san sarautar Damagaram. Wata mai binciken kufai, Anne Haour, ta yi tono a wurin, ta wallafa sakamakon aikinta a 2003, inda ta gwada tsingaron da ta samu da aikin masu ginin tukwane na yanzu. Ko gaskiya ne Kanawa daga nan suka fito, tono bai isa ya yanke wannan hukunci shi kaɗai ba, gama tsingaro ba ya faɗin sunan mai shi. Abin da ya tabbatar shi ne cewa an yi babban gari mai ganuwa a arewacin ƙasar Hausa tun da daɗewa, a wurin da yau ake gani kamar daji.

Ta fuskar shekaru, Kufan Kanawa ya girmi duk abin da ke Birni, mai son tarihi kuma zai so ya fara da shi. An sa shi baya ne don dalilai biyu. Na farko, ganuwarsa dutse ce, ta riga ta yi ƙarnoni a kwance, za ta iya ƙara jiran shekara guda. Na biyu, kufai ne mara rufi, mara bango a tsaye. Wanda ya je ba da ja-gora ba zai ga jerin duwatsu da fasassun tukwane ya komo da takaici. Tafiya ce ta rani, lokacin sanyi, bayan an cire amfanin gona ciyawa ta kwanta, a nemi mota mai ƙarfi, a fara sauka wurin mai gari mafi kusa a nemi wanda zai yi rakiya.

A nan akwai gargaɗi ga kowa, musamman masu riƙe da hukuma. Abin da aka gani a kufai a bar shi inda yake. Tsingaro ko dutsen niƙa ko ƙwayar tsakiya, in an ɗauke shi daga wurinsa ya zama tarkace, don mai bincike yana karanta shi ne tare da zurfin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan. A Bura, can yammacin ƙasar, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983, aka sami mutum-mutumi na yumɓu masu ban mamaki. Da labarin ya bazu, sai masu haƙar sata suka afka wa yankin, kayan suka watsu a kasuwannin Turai, har a shekara ta 2000 aka sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da aka haramta saye. Dokar ƙasa mai lamba 97-022, ta ran 30 ga watan Yuni na 1997, ta hana tono ba da izini ba, ta kuma hana fitar da irin waɗannan kaya. Mai gari ko magajin gari da ya ji baƙi na sayen tsofaffin tukwane a karkararsa, aikinsa ne ya sanar.

NA NESA

Sauran wurare na mai hali ne. Agadas tana kimanin kilomita 450 arewa da Damagaram. Hasumiyar masallacinta, mai tsayin mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake tayar da ita a 1844, UNESCO kuma ta karɓi tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ita ma ƙasa ce tsantsa, kamar masallacin Birni. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta matakala ce ta masu yaɓe, kuma dalilin da ya sa take tsaye shi ne mutanen garin ba su daina hawa suna yaɓe ta ba. Wanda wata hidima ta kai shi Agadas kada ya komo bai gan ta ba. Arewa da garin, a Dabus, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita biyar. Jado kuwa, tsohon gari mai kama da gidan zuma a ƙarshen Kawar, tafiyarsa ta hamada ce, tana son izini da rakiya da guzuri mai nauyi, ba ta manomi mai kwana biyu ba ce.

Malamin da ke shirin fita da yara daga Dogo, to, lissafinsa mai sauƙi ne. Ya aika wa fada tun da mako guda don a san da zuwansu, ya guji ranar Juma'a da ranakun salla, lokacin da dogarai ke da wata hidima. A tashi da sassafe, a ɗauki ruwan sha, a gama zagayen lunguna kafin rana ta take. In an zo wurin da tsohon masallacin ya tsaya, a nemi dattijon da ya yi salla a cikinsa, ya nuna wa yaran inda ƙofa take da inda liman ke tsayawa.